Kundi Huɗu da Na Ji a Ɗakin Baba

Duk shekara idan damina ta faɗi, abokaina na fada sukan tambaye ni waƙoƙin da suka fi kwanta mini tun daga farkon shekara. Ba don na fi su kunne ba ne, sai don sana'ata ce. Ina da ɗan shago a gefen kasuwar Dole, nan Damagaram, inda nake tura wa mutane waƙa da fim a waya da memori. A shekarun baya amsar ba ta ba ni wahala, sai in duba kwamfuta in ga abin da aka fi saye, in lissafo guda goma. Bana, 2022, da suka tambaye ni bayan Sallar Layya, sai na ce kundi huɗu ne kawai gare ni, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da na sayar wa mutum ashirin. Suka yi dariya, suka ce tsufa ya kama ni tun ban kai talatin da biyar ba. Ban iya yi musu bayani a wurin ba, ana ta hayaniyar shayi. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Shagon nan ba ni na kafa shi ba, na Baba ne. Ya fi shekara ashirin da biyar yana sayar da kaset a cikinsa. Duk wata sai ya shiga mota ta Matamaye ya tsallaka Kano, ya dawo da kwalaye: Shata, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos, Barmani Coge, waƙoƙin finafinan Indiya, kiɗan Sudan, kiɗan Kwango. Na gida kuma kantarsu daban, su Ma'azu Ɗan Alalo da Ɗan Gurmu da Sa'adu Bori. A kusurwa akwai rakoda mai baki biyu da yake kwafa da ita, da wani biro da ba a rubutu da shi, na naɗe zare ne idan rakodar wani ta tauna kaset. Dokarsa ɗaya ce, ba ya sayar da kaset ɗin da bai saurara ba tun daga farko har ƙarshe, gefe biyu. Yakan ce wanda ya ji gefe ɗaya ya yabi kaset, alƙali ne da ya yanke hukunci bai ji ta bakin ɗaya ba.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da wannan yake nufi. Ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, "kai" ne ko "yaron nan". Da na bar lakwal na dawo shago, hirarmu ba ta wuce ta canji da batir da wanda ya zo karɓar bashi. A 2011 na tara kuɗi na sayo tsohuwar kwamfuta. Lokacin kowa ya koma waya, waƙa tana yawo daga hannu zuwa hannu ta Bluetooth, kaset sai ƙura yake sha. Cikin wata shida na fi Baba samu sau biyar. Na kwashe kaset ɗin na zuba a buhuna don in sami wurin ajiye benci. Wata rana wani manomi daga wajen Mirya ya ga buhunan ya taya. Ya ce warware zaren yake yi ya ɗaura a gona, iska tana kaɗa shi yana walƙiya, tsuntsaye ba sa sauka a kan gero. Na sayar masa buhu bakwai ban yi shawara da kowa ba.

Da yamma Baba ya zo, ya dubi kusurwar, ya ce, "Ina suke?" Na faɗa masa. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah ya sa tsuntsayen su ji daɗin Shata." Ya ɗauki littafinsa na lissafi ya fita. Bai sake taka shagon ba. Shekara goma ina gaishe shi da safe, ina ajiye kuɗin cefane, yana sa mini albarka, amma maganar kiɗa ba ta sake haɗa mu ba. Ni kuma na ce a raina ai zamani riga ne, kuma da kuɗin kwamfutar nan ake cin tuwo a gidan.

A tsakiyar Janairun bana, cikin sanyin hunturu, Inna ta ji faɗuwar buta da asuba. Ta fito ta tarar da shi a kwance a wurin alwala. Hawan jini ne ya buge shi. Kwana goma sha biyu muka yi a gidan likita, muka dawo da shi ɓarin dama a shanye, baki kuma ba magana. Idanunsa suna nan sarai, yana gane kowa, amma in ya buɗe baki sai wani sauti ya fito wanda shi kansa yake jin haushinsa. Muka raba jinya. Inna da rana, ƙanena da safe don wanka da motsa masa gaɓoɓi, ni kuma daga sallar lisha har ya yi barci. A nan na gane wahalar da ban yi tsammani ba. Me ɗan fari zai faɗa wa mahaifinsa na awa uku, bayan ba su taɓa yin hirar minti goma ba? In ba shi labarin farashin gero da na man fetur, cikin minti biyar na ƙare. Sai in koma latsa waya, shi kuma ya zuba wa rufin ɗaki ido.

Kundi na farko ya shigo ɗakin ne ba da niyya ba. Wani saurayi da ya dawo daga aikin gini a Tamanrasat ya kawo wayarsa in kwashe masa hotuna, na ga wani sabon kundi a ciki na kwafa. Da dare na sa abin kunne ina ji. Sai na ga Baba yana nuna kunnena da hannun hagu. Na cire, na bar sautin ya fito fili. Da waƙar ta yi kamar minti ɗaya, sai yatsana ya yi abin da ya saba, na tsallake zuwa ta gaba. Ban ankara ba sai na ji duka a gwiwata. Ba mai zafi ba ne, hannun mara lafiya ne, amma na fahimta. Na mayar da ita farko, na ajiye wayar a kan tabarma, na naɗe hannuwana. Rabon da in saurari kundi guda daga farko zuwa ƙarshe, ni da nake sayar da waƙa dubbai, har na manta.

Sunan kundin Aboogi, na ƙungiyar Imarhan, Buzayen Tamanrasat da ke kudancin Aljeriya. Ya fito a ƙarshen Janairu, shi ne na ukunsu, kuma shi ne na farko da suka naɗa a garinsu, a ɗakin naɗar sauti da suka gina da kansu suka raɗa masa wannan suna. Kafin nan sai sun tsallaka waje suke naɗa. Ina jin wannan ne ya sa kundin ba ya gaggawa. Jitar katako ta fi ta lantarki yawa, ga tafi, ga amshi a hankali, kamar mutanen da suka ci abincin dare suka zauna a ƙofar gida ba wanda yake jiran mota. Jagoransu, wanda ake kira Sadam, ba ya ɗaga murya. Akwai muryar Mohamed Ag Itlale, wanda aka fi sani da Japonais, ɗaya daga cikin tsofaffin Tinariwen, wanda ya rasu a 2021 kafin kundin ya fito. Akwai wani Bature mutumin Wales, Gruff Rhys, da ya yi waƙa da harshen garinsu. Akwai kuma wata mawaƙiyar Sudan, Sulafa Elyas. Da muryarta ta shigo da Larabci, na ga Baba ya juyo da kansa wajen wayar. Kiɗan Sudan shi ne abin da yake sa wa kansa a shago idan kasuwa ta tashi.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Wanda yake neman abin rawa kada ya ɓata kuɗinsa. Na sa wa wasu samari a shago suka ce wannan ai maganin barci ne. Kuma gaskiyarsu, Baba ya sha yin barci kafin ya ƙare. Amma mutumin da ya yi mako uku yana kwana ido biyu, in ka ce masa abu maganin barci ne, ba zagi ka yi ba.

Na biyu namu ne na gida, ko da yake ta Amurka ya biyo ya zo mana. Agadez, na Etran de L'Aïr, wato taurarin Ayar, ya fito a Fabrairu. Ƴan'uwa ne na jini, ƴan unguwar Abalan a Agadas, sun fara tun 1995, shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu. Makaɗan biki ne, na aure da suna, irin waɗanda ake kira idan mai biki ba shi da ƙarfin kiran manya. An ce da suka fara jita ɗaya gare su, ganga kuwa ƙwarya ce a kife cikin ruwa ana bugunta da takalmi. Wani kamfani mai suna Sahel Sounds da ke birnin Portland ne ya fitar da kundin. Shi ne kamfanin da a 2011 ya tattara waƙoƙin da ke yawo a memorin wayoyin mutanen Sahara ya buga su a faifai, wato daidai hajar da irina muke sayarwa, sai dai shi ya nemi masu waƙoƙin ya biya su.

Idan Aboogi zaman dare ne, wannan la'asar ce ta ranar ɗaurin aure. Jita uku suna bin juna suna zagayawa, ganga tana gudu ba ta tsayawa shan ruwa. Kunnena yana jin Kwango a ciki, yana jin kiɗan gidajen rawa na Hausa na da, amma ƙurar ta Agadas ce. Aibinsa shi ne in ba ka natsu ba za ka ce waƙa ɗaya ce ake ta maimaitawa. Sai a ji na uku ko na huɗu kake gane inda kowace jita ta rabu da ƴar'uwarta. A daren farko na ga yatsun Baba na hagu suna bugun gefen katifa, kuma ba su kuskure kiɗan ko sau ɗaya ba. Washegari Inna take ba ni labarin da ban sani ba, wai a shekarun tawaye, lokacin da kaset ɗin jitar Buzaye yake iya jawo wa mutum tambayoyi a shingen hanya, Baba yana da su a ƙarƙashin kanta cikin kwalin sabulu, direbobin hanyar Tanut suna zuwa saye da dare.

Wannan kundi ne kaɗai na taɓa biya a rayuwata. Kunya ce ta kama ni. Mutanen nan suna nan Agadas, tafiyar yini guda daga shagona, ni kuma ina cin abinci da guminsu. Ba ni da katin banki na sayayya a intanet, sai na roƙi wani abokina na lakwal da ke Faransa ya saya mini a Bandcamp, ni kuma na kai wa mahaifiyarsa kuɗin a nan. Ya kai cefanen gidanmu na kwana biyu. Ban ce na wanke kaina ba. Gobe ma zan buɗe shago in tura waƙar da ban biya ba, kamar yadda Baba ya kwafi kaset ɗin da bai biya ba. Amma ko sau ɗaya ne, na san nauyin abin da nake rabarwa a dala ashirin.

Kiɗan Agadas ne ya tona mana asiri, don ba ya jin a rage murya. Gwaggo, yayar Baba, ta zo dubiya ta kwana, ta jiyo daga ɗakin Inna. Ta ɗaga labule ta tsaya a kaina.

"Kai ɗan nan, ba ka da hankali ne? Mutum yana kwance tsakanin rai da mutuwa, kai kuma kana kunna masa garaya?"

Na ce, "Gwaggo, shi ya nema."

Ta ce, "Da wane bakin ya nema?"

Na rasa amsa. Kuma har ga Allah ban ga laifinta ba. Ƙaninta ne, tsoro take ji kada ajali ya same shi da kiɗa a kunne. Ni ba malami ba ne, ba zan ja da kowa a kan hukuncin kiɗa ba. Ina shirin kashewa sai Inna ta yi magana daga bakin ƙofa, ita da ba ta saba sa baki ba. Ta ce, "Yaya, a tambayi Malam mana. Bakinsa ne ya tafi, ba hankalinsa ba." Gwaggo ta zauna a gefen katifa, ta kira shi da sunan da ita kaɗai take kiransa da shi tun suna yara, ta ce in karatun Alƙur'ani yake so ya ɗaga hannu. Ya ɗaga. Ta dube ni. Sannan, don adalci, ta ce in kiɗan nan yake so ya ɗaga. Ya sake ɗagawa, kuma bai sauke ba sai da ta kama hannun ta sauke masa. A nan aka yi sulhu: karatu daga asuba har hantsi, da kuma bayan magariba, kiɗa bayan lisha, ban da daren Juma'a. Tun da ya kwanta, ranar ce ta farko da aka tambaye shi abin da yake so.

Azumi ya kama a farkon Afrilu, muka ajiye kiɗa wata guda cur. Zafin bana ba sai na ba mutumin Damagaram labari ba. Muka riƙa fito da shi tsakar gida da dare, muna jin tafsiri a rediyo, ina yi masa fifita idan wuta ta ɗauke. A cikin watan ne na ga littafin lissafinsa a ɗakin Inna. Da ajami ya rubuta, kowane kaset da sunansa da adadin da ya kwafa da waɗanda suka ci bashi. A shafukan farkon shekarun 1990 suna ɗaya ya yi ta dawowa: Umu. Wato Oumou Sangaré ta Mali, da kaset ɗinta na farko, Moussolou, ma'ana mata, wanda ta naɗa a Abijan a 1989 tana da shekara ashirin da ɗaya. Inna ta ce mata ne suka fi aiko yara saye, ko da yake babu mai jin Bambaranci a cikinsu. Labari ne ya iso musu cewa yarinyar tana faɗa da auren dole, kuma muryar ta ishe su shaida.

Sabon kundinta, Timbuktu, ya fito a ƙarshen Afrilu, ana saura kwana kaɗan Sallah, na ajiye shi sai da aka sauko idi da kwana uku. Shi ne na uku. Ta tsara yawancin waƙoƙin ne a Baltimore ta Amurka, inda kullen korona ya rutsa da ita a 2020, tare da Mamadou Sidibé mai kaɗa kamale ngoni, wani abin kiɗa mai tsirkiya da ƙoƙon duma wanda samarin Wasulu suka samo daga na mafarauta. An haɗa shi da jita irin ta baƙaƙen Amurka, mai ja kamar kuka. Ta sa wa kundin sunan Tambutu, garin malamai da littattafai, inda a 2012 masu bindiga suka rushe hubbarorin waliyyai suka hana kiɗa. Ya kuma fito a lokacin da ƙasashen yankinmu suka rufe wa Mali iyaka, daga Janairu zuwa farkon Yuli. Mota ba ta wucewa, amma muryar ta wuce. Ta yi kauri fiye da ta da, ba ta tsalle kamar ta yarinya, tana tafiya ne kamar uwar gida da ta san babu mai katse ta. In da abin da zan soka, to wasu wuraren an goge sautin ya yi santsi da yawa, an ji hannun Turawa. Amma da ta buɗe baki sai ka manta.

Daren nan Inna ta ɗauko kujerarta ta zauna a bakin ƙofa, abin da ba ta yi wa sauran ba. Muna ji, mun kai wajen tsakiyar kundin, waƙa ta ƙare, wata ba ta fara ba. A cikin ɗan shirun nan Baba ya miƙo hannun hagu wajen wayar, ya murɗa wuyan hannu, ya yi ta kokawa da leɓɓansa, sannan ya ce, "Ju... juya."

Wata uku da rabi ke nan ba mu ji kalma daga bakinsa ba. Inna ta saki carbinta. Ni kuwa na rasa abin yi, don babu abin juyawa. Sai kawai na ɗauki wayar na kifa ta a kan tabarma. Waƙa ta gaba ta fara. Baba ya yi dariya da rabin bakinsa har hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa waƙa ta warkar da shi. Magani yake sha kullum, ƙanena bai fasa motsa masa jiki ba ko rana ɗaya, ga addu'ar Gwaggo. Mai gashin ƙashin da ke zuwa duba shi ya ce ba abin mamaki ba ne, sau da yawa wanda magana ta ɓace masa yakan iya bin waƙa, don ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Ya ce mu ci gaba. Yau kalmomin Baba ba su wuce goma sha biyar ba: ruwa, to, a'a, sannu, bismilla, da ƴan kaɗan. Amma wadda ta fara dawowa ta sana'arsa ce.

Na huɗu ya zo da ruwan farko, a watan Yuni. Les Racines, wato saiwoyi, na Vieux Farka Touré. Mahaifinsa, Ali Farka Touré na Niafunké, wanda ya rasu a Maris na 2006, bai so ɗansa ya zama makaɗi ba, soja ya so ya zama, saboda ya san wahalar da ke cikin sana'ar. Yaron ya koyi jita a ɓoye, sai daf da rasuwar uban ya sami albarkarsa, har suka naɗa tare a kundinsa na farko. Daga nan ya yi shekaru yana yawon duniya, yana haɗa kiɗansa da na kowa, har ya yi wasa a bikin buɗe gasar ƙwallon duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu. A wannan kundin ya dawo gida. Ya naɗa shi a Bamako, a ɗakin naɗar sautin da ya gina ya sa masa sunan mahaifinsa, ya koma ga kiɗan Sanwai na arewacin Mali: jita, ƙwarya, ngoni, kora, sarewa. Wanda yake jin Zabarmanci zai tsinci kalmomi a ciki, don harsunan ƴan ɗaki ɗaya ne. Ba Ali ba ne. Hannun ɗan ya fi sauri, na uban ya fi nauyi. Amma ka ji mutum da ya kai shekara arba'in ya daina gudun a ce ya yi kama da ubansa.

Da na karanta labarin kundin sai na kasa sa shi a waya. Na ƙudura sai na samo wa Baba abin da zai juya da hannunsa. Kwana huɗu ina yawo. A duk kasuwar Dole babu mai sabon kaset, wasu yaran ma ba su san abin da nake tambaya ba, kuma na san wanda ya taimaka aka kai haka. Rakoda na samu wurin wani tsoho mai gyaran rediyo a Zango, ya canza mata roba. Kaset kuwa a gida yake ban sani ba. Inna ta buɗe wata tsohuwar kwalla ta aurenta ta fito da guda uku da ta ɓoye tun kafin zuwan manomin Mirya, biyu na Indiya, ɗaya Moussolou. Na ɗauki ɗaya na Indiya, na toshe ramukan samansa da takarda kamar yadda na ga Baba yana yi, na haɗa waya daga kwamfuta. Kaset ɗin mai minti sittin ne, talatin kowane gefe, kundin kuwa ya fi talatin. Dole in zaɓi inda zan yanke. Sai da na saurare shi sau uku kafin na san wace waƙa ce ta dace ta rufe gefen farko, wace ce za ta iya buɗe na biyu. A nan na gane dokar Baba ba taurin kai ba ce, aikin ne yake bukatar haka.

Da na ajiye rakodar a gefensa ya daɗe yana shafa ta. Na danna. Gefen farko ya ƙare da ƙarar nan da na manta da ita, ƙas. Ya miƙa hannu, ya buɗe, ya zaro kaset ɗin, ya faɗi a kan bargo, ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Na kai hannu zan taimaka ya harare ni. A karo na huɗu ya shiga. Da gefe na biyu ya fara, na ji in ban faɗa yanzu ba ba zan taɓa faɗa ba. Na ce, "Baba, buhunan nan da na sayar. Ban kyauta ba. Ka yafe mini." Bai dube ni ba. Ya ɗaga hannu alamar in yi shiru, ya nuna rakoda. Ba a magana kaset yana tafiya. Na yi shiru har ya ƙare. Sannan ya ɗora hannunsa a gwiwata, daidai inda ya buge ni a watan Fabrairu, ya ce, "To." Ban nemi ƙari ba.

Abokaina sun tambaye ni ina na Hausa a cikin lissafin. Tambaya ce mai kyau. Da waƙoƙin Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker nake biyan hayar shago, kuma ina son su. Amma yadda suke zuwa hannuna, ɗaya-ɗaya suke zuwa, a watse, wannan daga fim, wannan daga biki, wannan an yanko rabinta daga TikTok. Ko mawaƙin ya tsara kundi, kafin ya iso Damagaram irina sun wargaza shi, mun zuba a memori tare da waƙa ɗari uku. Laifin ba na mawaƙan ba ne kaɗai. Na yi wa kaina alkawari, kafin shekara ta ƙare zan nemi kundin Hausa guda cikakke, yadda mai shi ya jera shi, in kai ɗakin Baba mu ji hukuncinsa.

In an matsa mini in jera su, Timbuktu ne na ɗaya, sai Les Racines, sai Agadez, sai Aboogi. Na san ba kunne kaɗai ya yi wannan jeri ba, kuma ban damu ba. Shawarata ga wanda zai nema ita ce ya sami dare ɗaya, ya ajiye wayar inda hannunsa ba ya kaiwa, ya bar mai waƙa ya gama maganarsa. In akwai tsoho a gidanku da kuka rasa abin da za ku ce wa juna, ku zauna tare.

Yanzu an yi shuka, gero ya fara rufe ƙasa. Baba yana iya zama da kansa in an jingina shi da bango, kuma jiya sau biyu kawai kaset ɗin ya faɗi kafin ya shiga. Na sake buɗe littafinsa, a shafin da ya tsaya a 2011 na rubuta sunayen kundin nan huɗu da ajamina mara kyau. Da na nuna masa ya gyara mini wasali ɗaya da farce. Allah ya ba shi lafiya, ya ba dukkan marasa lafiyarmu, na gida da na gidan likita.